Daga ina kalmar handkerchief ta fito, kuma ita ce hankicinmu?

Tambaya: Ina koyar da Turanci a makarantar sakandare. Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa ake rubuta handkerchief da harafin d alhali ba a furta shi, kuma mece ce kerchief ɗin da aka liƙa wa hand. Ni ma ina so in sani, hankicin da muke faɗa da Hausa daga nan ya fito?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa ɗaliban nan naki albarka. Hankici daga handkerchief ya fito, babu tantama. Sai dai kalmar ta sha tafiya kafin ta iso bakinmu, kuma in muka bi sawunta za mu tarar da amsar tambayar d ɗin a kan hanya.

A ido, kalmar kashi biyu ce, hand da kerchief. In aka tona kuwa, kashi uku ce. Hand dai hannu ne, tsohuwar kalmar gado ce a Ingilishi, har gobe Jamusawa da mutanen Holan haka suke kiran hannu. Kerchief kuwa baƙuwa ce, daga tsohon Faransanci ta zo, inda ake cewa couvrechief. Couvre daga aikatau couvrir ne, wato rufewa, chief kuma kai ne, kan da ke bisa wuya. Da Bahaushe ne ya ƙera kalmar, "rufa-kai" zai ce, kamar yadda ya ce rufa-ido da hana-salla da dafa-duka: aikatau a gaba, abin da aikin ya faɗa wa a baya. Kallabi ke nan, abin da mata ke ɗaurawa. Ashe wanda ya ce handkerchief, in an bi kalmar gaɓa-gaɓa, "kallabin hannu" ya ce.

Shigar kalmar Faransanci bakin mutanen Ingila labarin sarauta ne. Ranar 14 ga Oktoba 1066 William, mai mulkin Nomandi a arewacin Faransa, ya ci Sarki Harold da yaƙi a Hastings, ya hau gadon sarautar Ingila. Daga nan fada da kotuna da gidajen manya suka koma Faransanci, talakawa kuwa suka ci gaba da Ingilishinsu. An kusa shekara 300 a haka, don sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi. Kafin nan aikin gama ya gama. Masana suna ƙiyasta cewa daga cin yaƙin zuwa wajen 1500 kalmomin Faransanci kusan 10,000 suka shiga Ingilishi, kuma sutura ta sami kaso mai tsoka, tunda masu hali ke sa kayan ado, da harshensu kuma ake kiran kayan. Gown, robe, button, collar, lace, duk ta wannan ƙofa suka shiga. Biyun ƙarshe ma mun san su, su ne kwala da leshi.

Wajen shekarar 1300 kalmarmu ta fara bayyana a rubutun Ingilishi. A lokacin babu ƙa'idar rubutu, kowane marubuci yadda kunnensa ya ji yake sawa: coverchef, keverchef, curchef, kerchef. Ki dubi jerin nan da kyau, za ki ga yadda baki ke cinye tsakiyar kalma a hankali har gaɓa uku ta koma biyu. A Sikotilan ma sun ƙara gutsure ta, suka ce curch. A wancan zamani matar aure a Ingila ba ta fita kai ba ɗauri, kuma kallabi abin nuna arziki ne. Marubucin Ingila Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya siffanta wata mata 'yar garin Bath a cikin littafinsa Canterbury Tales, ya ce zai iya rantsuwa kallaban da take ɗorawa a ka ranar Lahadi sun kai laba goma, wato wajen kilo huɗu da rabi. Zugugu ya yi, amma ya nuna mana cewa a bakinsa kalmar tana nan a kan ma'anarta ta asali. Shi coverchief ma ya rubuta, da dogon sunan.

Kerchief tana da 'yar'uwa da suka shigo tare, curfew, wadda yau muke fassarawa da dokar hana fita. Asalinta couvre-feu, "rufa-wuta". Ƙararrawa ce ake kaɗawa da dare a garuruwan Turai don kowa ya binne wutar murhunsa, saboda gidajen katako ne da jinka, gobara ɗaya sai ta cinye unguwa. Cur ɗin curfew da ker ɗin kerchief abu ɗaya ne.

To, nan ne gaɓar da na fi so ɗalibanki su riƙe. Bafaranshe in ya ji couvre-chef yana jin rufewa yana jin kai, shi ya sa har yau a Faransanci kalmar hula ko malafa take nufi, ba ta taɓa sauka daga ka ba. Mutumin Ingila kuwa ba ya jin komai a cikinta. Kai a harshensa head ne. Chief da ya sani shugaba ne. Ker kuwa ba ta da wata ma'ana ko kaɗan. Abin da ya rage masa shi ne abin da idonsa ke gani: ƙyalle mai kusurwa huɗu, yawanci na lilin. Da ma'anar kai ta dushe, sai kerchief ta zama sunan kowane ƙyalle mai wannan siffa, ko a ina aka sa shi. Da haka ta faru kuma dole a nemi hanyar bambancewa. Tun ƙarshen ƙarni na 14 aka sami neckerchief, na wuya. Wajen 1530 handkerchief ta bayyana a rubuce, na riƙewa a hannu. Wanda ya fara faɗinta bai ji wani tufka da warwara a cikinta ba, domin a wurinsa kan da ke cikin kalmar ya daɗe da mutuwa.

Mu ma muna yin haka kullum. Safa ta ƙafa ce, amma da aka kawo mana abin sawa a hannu ba mu tsaya ƙirƙirar sabon suna ba, safar hannu muka ce. Jamusawa ma Handschuh suke cewa, takalmin hannu. Kuma ki lura da ɗan'uwa. Kalmar cewa take yi ɗan uwarka, amma mutum zai kira ɗan baffansa ɗan'uwa, ya kira abokin sana'a ɗan'uwa, ba tare da uwa ta faɗo masa a rai ba. Harɗaɗɗiyar kalma in ta daɗe a baki sassanta sukan narke, ta zama dunƙule guda. Shi ya sa nake jan hankalin masu cewa "ainihin ma'anar" kalma ita ce ta asalinta. Asali tarihi yake ba mu. Ma'ana kuwa tana wurin masu magana na yau.

Sai kuma tambayar da ba ki yi ba amma tana da muhimmanci: me ya sa sai a ƙarni na 16 aka buƙaci sunan? Shi dai ƙyallen hannu tsohon abu ne. Romawa suna da sudarium, daga sudor, wato gumi, kuma suna ji da shi, har mawaƙinsu Catullus, a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya yi waƙa yana zargin wani da ɗauke masa nasa a wurin walima, yana cewa tsaraba ce abokai suka aiko masa daga Sifaniya. Waɗanda suka yi karatun Larabci sun san mindil. Ita ma ta hanyar Girkanci ta zo daga Latin mantele, tawul ɗin goge hannu, kuma man ɗin da ke farkonta daga manus ne, hannu. A Ingila, littattafan lissafin fadar Sarki Richard na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1377 zuwa 1399, sun ambaci ƙananan ƙyallayen lilin da aka yi wa sarki don ya riƙe a hannu yana goge hanci. Saboda wannan wasu ke cewa shi ya ƙirƙiro hankici. Bai ƙirƙiro ba, amma yadda magatakardan suka tsaya suna bayanin amfanin ƙyallen ya nuna abin baƙo ne a wurinsu, ba shi da suna tukuna.

Sauran jama'a kuwa da yatsu suke fyace majina, ko su goge da hannun riga. Abin da ya canza a ƙarni na 16 shi ne ladabin zama cikin mutane. A 1530, daidai lokacin da kalmar ke bayyana, malamin nan ɗan ƙasar Holan, Erasmus, ya fitar da ɗan littafi na koya wa yara ladabi, wanda aka yi ta bugawa ana fassarawa a faɗin Turai. A ciki ya ce goge hanci da hula ko da riga ƙauyanci ne, gogewa da damtse aikin masu sayar da kifi ne, abin da ya dace shi ne a yi da ƙyalle, a kuma ɗan juya baya in akwai manya a wurin. Da abu ya zama alamar wayewa sai ya zama abin ado. Masu kuɗi suka riƙa yin na siliki da na lallausan lilin, a yi masa surfani, a kewaye bakinsa da leshi, a fesa turare, a riƙe a hannu don a gani. Samari da 'yan mata suna ba juna kyautarsa, ana ma sa shi cikin wasiyya.

Wanda ya san wannan ne zai gane wasan Othello na Shakespeare, wanda aka rubuta wajen 1603 zuwa 1604, inda hankici guda ya kashe aure har ya kai ga kisa. Hankicin mai surfanin 'ya'yan itacen sitiroberi ne, kyautar farko da Othello ya ba matarsa Desdemona. Ya faɗi ƙasa, Emilia, hadimar Desdemona, ta tsinta ta ba mijinta Iago, wani na hannun Othello mai ƙulla masa sharri, shi kuma ya jefa shi a ɗakin Cassio, mataimakin Othello, don ya zama shaidar cin amana. Abin lura ga mai bin tarihin kalma shi ne yadda aka yi ya faɗi: Othello ya ce kansa na ciwo, matar ta ciro hankicin za ta ɗaure masa kai, ya ture ya ce ya yi ƙanƙanta. Kuma a wannan wurin napkin ya kira shi, domin a zamanin sunayen biyu suna maye gurbin juna. Daga baya aka raba musu aiki, napkin ya tsaya a teburin cin abinci.

Da maza suka fara ɗinka aljihu a jikin tufafi, ƙyallen ya bar hannu ya shige aljihu, sai aka sake ƙara wani suna a gaba: pocket handkerchief. An kuma yi neck handkerchief, na ɗaurawa a wuya. Ki lissafa abin da ke cikin wannan na biyun: wuya, hannu, rufewa, kai. Duk wannan tarin ya yiwu ne domin handkerchief ita ma ta bi sawun uwarta, hand ɗin cikinta ya fara dushewa.

Dushewar nan ce ta kawo mu ga harafin d. In aka haɗa hand da kerchief, baƙaƙe uku ne ke cin karo a tsakiya, n da d da k. Harshe ba ya son wannan cunkoso, sai ya yar da na tsakiya. Da d ta fita, n ta sami kanta a gaban k, sai ta ja baya zuwa hanɗa, wato can bayan ganɗa, inda ake furta k. Ki sa ɗalibai su faɗi "hankali" ko "banki" a hankali, su ji inda harshensu yake lokacin n ɗin, sa'annan su faɗi "hannu". Za su ji bambanci. Wannan n ta hankali ita ce a handkerchief. Haka d take ɓacewa a handsome da Wednesday, da kuma sandwich da grandmother a bakin mutane da yawa, haka p ta ɓace a cupboard, wadda muka ara muka ce kabad. Ƙarfin furuci kuma yana kan gaɓar farko, sauran biyun sai suka raunana. Tun zamanin Shakespeare akwai masu yar da f ɗin ƙarshe, har ana rubuta handkercher a littattafai. Rubutu kuwa ya daskare. William Caxton ya kafa injin buga littattafai a Westminster a 1476, maɗaba'u suka yi ta daidaita haruffa, ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya ƙara danne su. Baki ya ci gaba da tafiya, takarda ta tsaya. Saboda haka d ɗin shaida ce ta asali kawai, ido take yi wa aiki.

Akwai wani abu a ƙarshen kalmar da yake burge ni ƙwarai. Chief daga Latin caput ta fito, kai, tushen da ya ba da captain, kyaftin ɗinmu. Lokacin da Ingilishi ya are ta, Faransawa da sautin c irin na "ciki" suke fara furta ta. Daga baya Faransanci ya sauya, sautin ya koma sh, shi ya sa da Ingilishi ya sake aro kalmar a ƙarni na 19 da ma'anar shugaban masu girki, chef, da sh ya ɗauko ta. Wato c ɗin da ke ƙarshen hankici, da ta cif joji, furucin Faransawan ɗaruruwan shekaru da suka wuce ne, wanda su kansu suka daina, Ingilishi ya ajiye, ya miƙo mana.

A ƙarni na 18 hankici ya zama babbar haja. Shaƙar garin taba ta yi yawa a Turai, farin ƙyalle kuwa ba ya ɓoye tabon, sai aka koma masu launi da zane, kuma babu wanda ya kai Indiya iya wannan. Daga can sunan bandanna ya zo, daga kalmar Hindi ta rinin ɗauri. Hankicin siliki yana da tsada kuma yana leƙowa daga aljihu, saboda haka 'yan sane na Landan suka mayar da shi abin farautarsu. Takardun kotun Old Bailey ta Landan cike suke da shari'o'in satar hankici, akwai ma waɗanda aka kora zuwa Ostareliya a kansa. Marubuci Charles Dickens ya nuna wannan sana'a a littafinsa Oliver Twist, inda ake koya wa yara zare hankici da kuma tsefe sunan mai shi da aka ɗinka a jiki kafin a sayar.

Wannan ciniki ya taɓo Najeriya kai tsaye. Yadin da ake saƙawa a yankin Madras, Chennai ta yau, mai zanen gida-gida, a kasuwa Real Madras Handkerchief ake kiransa, domin murabba'i-murabba'i ake saƙa shi a jere, kowanne kamar babban hankici. Jiragen fatake sun daɗe suna kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma. Kalabari na yankin Neja Delta suna kiransa injiri, suna ɗaura shi a bikin suna da na mutuwa, suna ajiye shi a matsayin dukiyar gida. A tsibiran Karebiyan kuwa mata a ka suke ɗaura shi. Faransanci ma ya yi irin wannan zagaye: mouchoir daga moucher ne, fyace hanci, amma a Senegal musoor ɗankwali ne. Ƙyalle mai kusurwa huɗu duk inda ya je yakan hau kai ya sauka hannu, sunansa na biye da shi. Adikonmu ma haka yake, ana faɗinsa ga na kai ana faɗinsa ga na hannu.

Hankici kuwa yana cikin ɗimbin kalmomin da suka shigo Hausa bayan zuwan Turawa, waɗanda suka ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan kamfanoni suka biyo baya da kayan Ingila. Siffar kalmar da kanta ta nuna cewa da kunne aka are ta. Babu d a hankici domin Bature bai furta ta ba. Babu r domin mutanen kudancin Ingila ba sa furta r in baƙi ya biyo ta. Da daga takarda aka ɗauko ta, da mun ji wani abu kamar "handikarcif". F ɗin ƙarshe ta faɗi domin Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali, kuma gaɓar ba ta da ƙarfi, saɓanin cif inda ita kaɗai ce gaɓar. Su ma Turawan sun gaji da tsawonta, a ƙarshen ƙarni na 19 suka gutsure ta suka ce hanky.

Abin da ya rage wa hankici kasuwa a Turai da Amurka takarda ce. Kamfanin Kimberly-Clark ya fito da Kleenex a 1924 a matsayin abin goge man kwalliya daga fuska. Da suka ga masu saye hanci suke gogewa da shi, a 1930 suka juya tallarsu, suka ce hankici ne na yarwa, wanda ya fi tsabta ga mai mura. Shi ne tishu. A ƙasar zafi irin tamu dai gumi bai bar hankicin yadi ya mutu ba, ga shi nan ana tallarsa a tasha da bakin danja.

Ga ɗalibai, ki ce su rubuta d amma kada su furta ta, su sa ƙarfi a gaɓar farko. In suna mance rubutun, su raba shi uku, hand, ker, chief, su tuna i tana zuwa kafin e a chief. Jam'in da aka fi amfani da shi handkerchiefs ne, kamar chiefs. Za su ci karo da handkerchieves, wanda aka yi bisa kwaikwayon thief da thieves, ƙamusoshi ma sun karɓe shi, amma a jarrabawa su rubuta na farkon.